Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban FAO, Qu Dongyu: A Ƙirga Kifin Masu Kwalekwale

Mai girma Shugaba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan aikin Farfesa Daniel Pauly, masanin halittun teku na Jami'ar British Columbia da ke Kanada, domin bincikensa ya taɓa alƙaluman da hukumarka, wato Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), ke fitarwa kai tsaye.

A 2016 shi da Dirk Zeller suka wallafa sakamakon aikinsu a mujallar Nature Communications, bayan sun bi ƙasa-ƙasa suna sake lissafin kifin da aka kama a teku daga 1950 zuwa 2010. Alƙaluman FAO sun nuna kamun ya kai ƙololuwa a 1996 da tan miliyan 86. Su kuwa tan miliyan 130 suka samu, kuma suka ga tun daga wannan shekara yake raguwa da saurin da ya ninka wanda ake faɗa kusan sau uku.

Ina ragowar ta maƙale? A cikin kwalekwalen masuncin da ya fita da asuba ya dawo da abin da iyalinsa za su ci, babu jami'in da ya auna. A kwandon matar da ke tsintar kaguwa da kawa in ruwa ya janye. Sai kifin da manyan jirage ke zubarwa a teku matacce, da na masu kamun sata. Idan ƙasa ba ta aiko da adadi ba, gurbin sai ya koma tamkar sifili, kuma da wannan sifilin ake yanke yawan lasisin da za a sayar wa jiragen waje. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, don wanda ba a ƙirga ba ba a yi masa kaso.

Na san masanan hukumarka sun ja da hanyar lissafin Pauly, kuma muhawara halal ce a ilimi. Amma rahoton da FAO ta fitar a 2023 tare da Jami'ar Duke ta Amurka da cibiyar binciken kifi ta WorldFish shi ma ya ce ƙananan masunta ke kawo aƙalla kashi 40 cikin 100 na kamun duniya.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne a buƙaci kowace ƙasa ta ware kamun ƙananan masunta daban a rahotonta na shekara, a tallafa wa marasa ƙarfi da kuɗi da horo don tattara shi, sannan a zaunar da masanan Sea Around Us, cibiyar da Pauly ya kafa a 1999, teburi ɗaya da naku a daidaita lissafin.

Na gode da kulawarka.