Kafin a ce maka batir ne, a duba wayar bodi tukunna

Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana direbobi da ke nan Jidda da Makka, musamman masu tsofaffin Camry da Cressida da Hilux. Wallahi kuɗin da muke zubarwa a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, kan matsalar wuta ya yi yawa.

Mota ta ƙi tashi da safe, ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas, kana zuwa wajen mai gyaran wuta ko bonet bai gama ɗagawa ba zai ce batir ne, ka saya, an jima abu ya dawo ya ce ai dinamo ne mai cajin batir, daga nan sai salf, wato abin da ke tayar da inji, sai ka tsinci kanka a tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, kana neman na hannu, alhali ko mitar auna wuta bai ɗora ba. Haba malam.

Lafiyayyen batir in mota a kashe take yana nuna wajen volt 12.6 a mita, in an tayar da inji ya hau 13.8 zuwa 14.5. In bai kai 13 ba to dinamo ba ya caji ko bel ya yi sako-sako, in ya wuce 15 kuma dafa maka batirin yake yi. Gaskiya ne zafin ƙasar nan yana cin batir da wuri, ban musa ba.

Amma abin da ake mantawa shi ne baƙar wayar nan da ta taso daga kan batir zuwa bodi da inji. Jidda bakin Bahar Maliya take, ga danshi ga gishiri, sai ka ga farin gari ko kore ya taru a kan batir, ƙusar da ta riƙe wayar ta yi tsatsa. Alamarta ba ta ɓuya: ka sa sigina fitilar birki ta kama ƙifta ido ita ma, ka kunna AC fitilun gaba su dushe. Ruwan zafi da sanfefa da sifana lamba 10 sun isa a wanke a ɗaure, amma a fara cire kan negatif, wato na baƙar wayar.

In kuma batir cikin dare yake mutuwa, wani abu ne ke shan wuta, galibi rikoda da aka haɗa kai tsaye ko fitilar but. A ɗora mita a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a kama ɓarawon. Kuma don girman Allah masu naɗa waya ko takardar kwalin sigari a madadin fiyus su bari, haka mota ke kamawa da wuta.

Naku,
Wani direba, Karantina, Jidda