Ruwa ne zai yanke hukunci kan sansanin duniyar wata

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan shirin gina sansani a duniyar wata, domin ɗalibaina sun yawaita tambayata ko zai yiwu, kuma wa zai biya.

Zuwa wata ba sabon abu ba ne, don tsakanin 1969 da 1972 Amurkawa goma sha biyu sun taka ƙasarsa, shirin Apollo da ya kai su kuma ya ci kusan dala biliyan 25 a kuɗin wancan zamani. Amma ziyara daban, zama daban. Tawagar Apollo 17, wadda ta fi daɗewa, kwana uku kacal ta yi. Mai zama kuwa sai ya jure daren da ke kai kwana 14, ga tsananin sanyi, ga ƙura mai kaifi da ke cinye riguna da injuna, kuma babu iskar shaƙa ko kaɗan.

A ganina injiniyoyi za su iya shawo kan waɗannan duka, matsalar tana wajen dako. Mai binciken kuɗi na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ƙiyasta cewa kowane tashi na rokar SLS da kumbon Orion, waɗanda aka ƙera don kai mutane wata, zai ci kusan dala biliyan 4.1, kuma idan kowace jarkar ruwa sai an yi mata tafiyar kilomita 384,000, babu baitulmalin da zai ɗauki nauyin sansanin shekara da shekaru. Kakanninmu ba sa kafa gari sai sun tabbatar da rijiya, haka lamarin yake a can. A 2009 NASA ta harba wani ɓangaren roka cikin ramin Cabeus kusa da ƙuryar kudancin wata, aka ga alamar ƙanƙarar ruwa a cikin ƙurar da ta tashi. Idan ƙanƙarar nan ta haƙu da sauƙi, za a sha, za a raba ta a sami iskar numfashi da man roka. Sai dai har yau babu wanda ya haƙo ta daga waɗannan ramuka masu duhu, kuma kafin a yi hakan duk lissafin riba hasashe ne.

Masu cewa ma'adinan wata za su mayar da kuɗin, musamman iskar helium-3 da ake fatan samar da lantarki da ita, ba su gamsar da ni ba, tunda babu tashar lantarki ko ɗaya a duniya da ke aiki da ita. Mu a Zamfara mun san cewa arziƙin da ke cikin ƙasa ba riba ba ne sai an cire abin da haƙarsa ta ci. Zinariyar Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta zo da gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, kuma ba a sa wannan a lissafi ba lokacin da aka fara haƙa. Saboda haka sansanin wata, idan an gina shi, zai zama tashar bincike ce da gwamnatoci ke ciyarwa, ba kasuwa ba.

A Disambar 2022 Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu kan yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ke jagoranta kan ƙa'idojin binciken wata da sararin samaniya. Ina roƙon NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, ta yi wa jama'a bayani, da Hausa ma, kan abin da sa hannun ya ɗora mana, da kuma ko akwai gurbin horo ga matasan injiniyoyinmu a fannin tace ruwa da adana lantarkin rana, waɗanda ƙauyukanmu ke buƙata tun yanzu.

Naka,
Malamin kimiyya a makarantar sakandare,
Gusau, Jihar Zamfara.