Mun ƙawata falo saboda baƙi, mun bar ɗakin yaro kamar sito

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya kuma sanyi, dan mu nan Jos hunturun bana ya fara nuna mana halinsa. Dan Allah a bani ɗan fili inyi magana da 'yan uwana iyaye musamman mu mata, akan abun da ya faru a cikin gidana, ba wai labari aka bani ba.

Kullum kukanmu ɗaya ne, yaro baya zama a gida. Ya dawo makaranta ya jefar da jaka ya fice, daga majalisa sai gidan kallon ƙwallo, in ba'ayi sa'a ba sai kaji an ganshi a shagon caca yana buga wasan Turai da kuɗin tara. Nima shekara guda cur nayi ina wannan kukan akan babban yarona, shekarunsa 16 yana SS2. Kuma duk wanda ya zauna garin nan tun rikicin 2001 yasan yadda cikin uwa ke ɗurar ruwa in an kira magariba yaro bai shigo ba, ga 'yan sara-suka ga shaye-shaye, kodin ɗin da gwamnati ta hana a 2018 ma bai sa an daina ba wasu abubuwan aka koma. Faɗa nayi, nasiha nayi, babansu har wayarsa ya ƙwace sati biyu, duk a banza.

Ranar da idona ya buɗe, kular biki na shiga nema a ɗakinsa. Kunji fa, kular biki, a ɗakin saurayi. Sai na tsaya bakin ƙofa na ƙarewa ɗakin kallo kamar ban taɓa shiga ba. Buhun masara biyu a lungu, keken ɗinkina da ya lalace tun haihuwar auta, akwatunan aurena, tsohuwar tayar motar babansu, katifarsa a ƙasa an matseta jikin bango, ƙwan fitila ya mutu tun azumi ashe da tocilan waya yake karatu bai faɗa ba, labulen kuma tsohon zanina ne aka kafe da ƙusa biyu. Na fito na leƙa falo, kujeru sabbi, labule mai hawa biyu, kafet, fulawar roba, duk saboda baƙon da zaiyi awa ɗaya ya tafi, shi kuma ɗan gida ni da bakina nake cewa kar ya kuskura ya shigo min da abokai su ɓata min kujera. Toh ina zai kaisu? Wlh kunya ce ta kamani. Malamai na karanta mana hadisin a umarci yara da sallah suna shekara bakwai, a raba musu makwanci in sun kai goma. Mun raba ɗin kam, amma sito muka kaishi.

Da na yiwa babansu maganar cewa yayi, ke ana ta abinci kina ta fenti. Gaskiyarsa ce a wannan marrar, shi yasa nace masa kuɗin adashena zan saka kuma ba mai aikin da za'a ɗauko sai kafinta kaɗai. Abu na farko ma ko sisi bai ci ba, kwashe tarkace ne. Masara ta koma kicin, keken ɗinki da taya 'yan bola jari suka saya, kuɗinsu ya sayi ƙwan fitila da makunni, kulolin na rabawa ƙannena. Ɗakin ƙafa 12 ne kan 12 amma da aka share sai ya zama kamar an ƙara masa rabi.

Kuskuren da mukayi zan faɗa dan kar wani ya maimaita. A watan Agusta mukayi fentin farko saboda zumuɗi, ku kunsan ruwan Jos a Agusta, bangon da ke bayan gida ya sha ruwa ya ƙoshi, sati uku ba'ayi ba fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Galan guda ya tafi a banza. Ashe indararo ne ya tsage yana zuba a gindin bangon, sai da aka gyara shi, muka haƙura har Nuwamba bango ya bushe ƙarau, muka kankare da wuƙar fenti muka goge da samfefa, aka toshe tsagogi, sannan aka sake. Fentin ruwa muka sa a bango, galan biyu mai lita huɗu-huɗu ya isa shafi biyu, sai ƙaramin gwangwanin fentin mai na ƙofa da taga. A bar shafin farko ya bushe kafin ayi na biyu, kuma a buɗe taga kwana biyu kafin yaro ya kwana ciki saboda warin fentin mai yana sa ciwon kai. Shi da abokansa biyu sukayi da rola ɗaya da burushi, ni nawa dafa musu taliya da manja ne kawai.

Wajen zaɓen kala nan ne aka kai ruwa rana. Ni ruwan madara nake so, shi kuma yace shuɗi mai duhu, wai kalar Chelsea, ƙungiyar da ya gada wajen babansa tun zamanin Mikel Obi ɗan Jos ɗinmu. Nace ɗaki zaiyi duhu kamar kabari, yace Umma ai ba ke zaki kwana ciki ba. Maganar ta min zafi amma da na kwana na tashi sai naga yaron nan bai faɗi ƙarya ba. Muka raba, bango ɗaya shuɗi ukun fari. Kuma ko a yau ni bai min kyau ba, amma na lura da abu ɗaya, bangon da ya zaɓa da kansa ko ƙuda baya bari ya sauka akai, har auta ya sha rankwashi saboda ya zana da biro. Da nawa zaɓin akayi da tuni ya koma yadda yake. Hotunan 'yan ƙwallo ne dai nace ban yarda a manna min ba a ɗakin da ake sallah, sai ya rataya rigar Plateau United a hanga, wadda kawunsa ya saya shekarar da suka ci kofin lig a 2017, ta ma fi hoton kyau.

Kasuwar Katako mukaje tare dashi muka tsinci guntayen katako da filanki da araha, kafintan layinmu ya haɗa masa gado mara kwalliya mai sarari a ƙasa inda akwatin kaya ke shiga, da teburin karatu wanda ake naɗewa jikin bango, da kanta biyu na littattafai tunda WAEC da JAMB na tafe. Ledar ƙasa sabuwa, tabarma babba a kai. Ragowar atamfofi da na tara wajen tela na ɗinke su na cusa guntayen soso na masu katifa, suka zama matasan zama guda shida, ko biyu babu masu kala ɗaya. Labule daga gwanjo, mai kauri saboda sanyi. Shi kuma ya ɗauki wata ƙwarya tawa ba tare da ya tambaya ba ya huhhuda ta da ƙusa mai zafi ya kifa akan ƙaramar fitila mai caji, in an ɗauke wuta sai kaga haske ɗigo-ɗigo a silin kamar taurari, na so inyi faɗan ƙwaryata na fasa.

Tunda na ambaci sanyi bari in roƙi iyaye, dan girman Allah kar a kai kaskon gawayi ɗakin yara a rufe ƙofa da taga. Iskar da gawayi ke fitarwa, wadda likitoci ke cewa kabon monoksaid, bata da wari bata da kala, mutum barci kawai zaiji yana ɗaukarsa shikenan. Haka hayaƙin janareta in an ajiye shi gindin taga. Bargo da safa da suwaita sun wadatar.

Da ɗaki ya kammala ni na fara cewa ya gayyato abokan nasa ranar Asabar in gansu. Ya kalleni kamar na yi masa yaren China. Haka aka fara, yanzu wata na uku kenan duk Asabar bayan magariba sai sun haɗu, su biyar wani lokaci bakwai, suyi isha'i a masallacin layi su dawo, ƙarfe tara kowa ya kama gabansa. Dokokina basu da yawa, ba'a sa kuɗi ko naira biyar ce, in an kira sallah a tashi, waya kuma a zuba a faifan da ke bakin ƙofa. Wanda ya zo na ƙarshe shi ke wanke kofuna. Ludo suka fara kawowa sai malaminsu na Islamiyya yace malamai sunyi magana akan wasan da ake jefa ɗan ludo a ciki, muka ajiye shi ba gardama. Whot ce ta fi tashe, daga kicin nake jiyo fik tu, janar maket, las kad, ihu kamar ana rabon gado. Akwai wani ɗan ajinsu Kirista, yaro mai ladabi, shi ya kawo musu Scrabble, wasan haɗa kalmomin Turanci, yana ta cika baki wai ɗan Najeriya Wellington Jighere ne ya zama zakaran duniya a 2015 a Ostireliya, kuma da babansu ya bincika haka ne. Wannan wasan na so shi saboda ƙamus ɗin da ya shekara yana shan ƙura yanzu har ya fara yagewa. Babansu ke maida yaron gida a mota in an tashi, uwarsa kuma ta aiko min da dankali rabin buhu, yanzu har gaisawa muke a waya.

Amma wanda ya ci kasuwa dara ce. Guntun filankin da ya rage kafinta ya fafe masa gurabe 30, layi biyar gurbi shida-shida, ɓangare ɗaya murafen lemo 12 ɗayan ƙwallon dabino 12. Kowa na ajiye nasa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare kuma ba'a yarda ka jera uku lokacin ajiyewa ba, daga nan sai a fara turawa gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe banda karkace, duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin wasa ɗaya. Yaran nan da ke ganin sun iya gem a waya basu san ko ɗaya ba. Surukina, kakansu, tsoho mai shekara saba'in da wani abu wanda in ba gaisuwa ba ba abun da ke haɗa shi da jikokin, yaji ƙarar murafen lemo ya dogara sandarsa ya leƙo. Ya tsaya yana kallo yana girgiza kai, can yace kai tashi ka bani waje. Ya lallasa su ɗaya bayan ɗaya, su biyar, yana yi yana musu kirari, yarona ya haɗa tarko yana murna ashe kansa ya ɗaure, Baba yace dara ta ci gida kenan jikana. Rabon da inji dariyar tsohon nan haka tun rasuwar Hajiya. Yanzu shi ke fara tambaya wai yau ba Asabar bace? In wuta ta ɗauke kuma ya koma yi musu kacici-kacici, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, sai da suka kwana biyu kafin wani ya gano tsintsiya ce.

Abun taɓawa bana wahalar da kaina. Shayi a filas da citta da kanumfari, gyaɗa, aya, gugguru da nake yi a tukunya. Darasin da na koya shi ne kar a kawo awara ko soyayyen dankali ana cikin wasa, katin Whot ɗin farko maiƙo ya gama dashi har sun gane kati ta baya saboda tabon mai, yanzu sai an tashi nake fito da abun maiƙo. Edita kayi haƙuri, tsohuwar jarida muke naɗewa kamar mazurari mu zuba guggurun, shafin wasanni kawai, banda inda akwai aya ko sunan Allah. Wani lungu na bangon an shafa masa baƙin fenti ya zama allo, nan suke rubuta maki da alli, sunan Baba na sama tun Disamba ba wanda ya sauke shi.

Ba zance yaro ya zama waliyyi ba, ranar da Chelsea ke wasa ko ɗaure shi kayi sai ya tafi gidan kallo, kuma ɗakin har yanzu sai nayi magana ake share shi. Amma yanzu nasan fuskar kowane abokinsa, nasan gidajensu, akwai ɗaya da take-takensa basu min ba kuma da kansa ya daina zuwa da yaga ba'a sa kuɗi. 'Yan matan gidan ma sun tada ƙayar baya wai an nuna bambanci, dan haka Lahadi da la'asar tasu ce, na koya musu 'yar carafke da duwatsu, nasu ɗakin kuma sai adashe na gaba in Allah ya kaimu.

Roƙona gareku Edita, a shafin wasanni da kuke cikawa da Firimiya, ku ɗan ware lungu ko sau ɗaya a wata ku riƙa kawo dara da langa da sauran wasanninmu da dokokinsu. Dan yanzu haka rigima ce a gidana, babansu ya jera huɗu ranar Asabar yace ya ci, Baba yace jeri huɗu baya ci tun zamanin kakanni, ni bayan Baba nake, shi kuma yace sai ya gani a rubuce.

Nagode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga wata uwa,
Rikkos, Jos.