Ga 'yan wasan ces na Gombe: a kula da gidan f7

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin matasanmu masu buga ces a Gombe, musamman waɗanda suka shigo bayan ɗan wasan ces na Najeriya Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana bugawa a Amurka a 2024. Sha'awa kam akwai ta. Abin da ke damuna shi ne wasanni da dama a gasa kan lalace tun kafin taku na goma, kuma galibi a gida ɗaya na allon wasa, wato f7, inda sojan baƙi da ke dab da sarkinsa yake tsaye (kowane gida ana kiransa da harafi da lamba).

A farkon wasa sarkin baƙi kaɗai ke gadin wannan gida. Ɗauki buɗin Italiya, wato wani salon fara wasa da ake yawan bugawa a kulob: e4 da e5, doki f3 da doki c6, bishof c4. Idan baƙi ya fito da doki f6, fari sai ya cilla nasa g5. Baƙi ya tura d5, fari ya ci da soja. A nan ake faɗawa rami. Hannu yakan yi saurin ramawa da dokin f6, sai fari ya sadaukar da doki a f7, sarki ya ci dole, sarauniya ta zo f3 da barazana, sarkin ya tsinci kansa a e6 tsakiyar fili. Maganin shi ne maimakon ramawa, baƙi ya kai dokin c6 zuwa a5, a kori bishof ɗin fari. An bar soja ɗaya, amma an samu sarari da saurin fito da mayaƙa.

Masu buɗin da ake kira tsarin Landan kuma, wato masu riƙe da fari da ke jera d4, bishof f4, e3 da c3 ko me abokin karawa ya yi, su sani da bishof ya bar c1 babu mai gadin b2. Baƙi na tura c5 ya kawo sarauniya b6, sai a fara kame-kame.

Ban ga amfanin ɗan shekara goma sha biyu ya haddace taku ashirin na buɗin Sisiliya ba alhali bai san dalilin taku na biyar ba. Buɗi ɗaya idan yana riƙe da fari, amsa ɗaya ga e4, ɗaya ga d4 idan yana riƙe da baƙi, sun ishe shi shekara guda.

Roƙona ga masu shirya gasa: dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, ba ta wajabta rubuta taku a wasan sauri ba, amma ku raba takardar rubutu ko a na minti 15, domin malami ya zauna da yaro bayan an tashi ya nuna masa takun da ya kayar da shi.

Naka,
Mai koyar da ces, Gombe