Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Jawabin Safiyar Litinin

Bauchi.

Assalamu alaikum, 'yata. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, mahaifiyarki ta shaida mini cewa makarantar da kike koyarwa a Gombe ta ba ki minti 10 a taron safiyar kowace Litinin domin ki riƙa kwaɗaita wa ɗalibai karatun littattafai. Na yi farin ciki ƙwarai, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin kada ki maimaita kuskuren da na daɗe ina yi lokacin da nake riƙe da alli.

A wancan zamani nakan tsaya gaban yara in yi ta zayyana musu falalar ilimi, suna tsaye cikin rana suna sauya ƙafa, idan na gama su tafa, amma ko mutum ɗaya ba ya zuwa neman littafi. Ranar da al'amarin ya sauya ita ce ranar da na shigo da littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, na gaya musu cewa marubucin malamin makaranta ne a nan Bauchi kafin ya zama Firayim Minista. Na karanta musu inda aka sace Umar yana yaro, mahaifiyarsa ta bazama nemansa, sai na rufe littafin na sa a aljihu. Filin ya yi tsit. Kafin in kai ofishin malamai, wani yaro mai yagaggen takalmi ya biyo ni yana cewa, "Malam, don Allah ta same shi?" Ban ba shi amsa ba, littafin na miƙa masa, bayan kwana uku ya dawo da shi tare da abokansa biyu da ke jiran layi.

Saboda haka kada ki hau gaban yara hannu rabbana. Ki riƙe littafin da kika karanta da kanki har ƙarshe, domin yaro yana gane wanda yake yabon miyar da bai ɗanɗana ba. Ki karanta shafi ɗaya da murya mai daɗi, ki tsaya daidai inda labari ya ɗauki zafi, sannan ki faɗi wurin da za a sami littafin da lokacin da za a zo aro. Ki fara da na Hausa, na Turanci su biyo baya idan sha'awa ta kama. Ina kuma roƙonki, kada ki ɓata mintocinki wajen zagin wayar hannu, domin wanda aka kunyata a bainar jama'a ba ya dawowa neman abin da ke hannun mai kunyata shi.

Na ɗaure miki littattafai 14 daga cikin nawa a kwali, ƙaninki zai kai su tashar Gombe ranar Asabar. Ki tanadi ƙaramin littafin rubuta sunayen masu aro, amma idan wani ya dawo da shafi a naɗe ko da tabon manja, kada ki yi masa faɗa.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.