Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Muhalli Kan Gandun Dajin Gashaka-Gumti

Mai Girma Minista, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin makarantar sakandare ne a Jalingo, kuma na rubuto maka ne game da gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda yake hannun hukumar kula da gandun daji ta ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatarka. A hunturun da ya wuce Allah ya ba ni ikon kwana uku a can, na dawo cike da farin ciki, amma kuma da wata damuwa da ta hana ni yin shiru.

Ka fi ni sanin cewa babu gandun da ya kai shi girma a Najeriya. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa har bakin iyakar Kamaru, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan. Sai dai gani ya kori ji. Mun bi ta Bali muka isa Serti, daga nan muka nausa daji, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa da wando naɗe muna ƙetare rafi. Da sassafe, hazo bai gama tashi ba, muka tsaya a bakin Mayo Kam muna kallon dorinai, ba a ganin komai nasu sai idanu da kunnuwa a saman ruwa, can sai ɗaya ta yi wani huci da ya tayar da tsuntsaye. Dogarin dajin da ke yi mana jagora ya tsugunna ya nuna mini sawun ɓauna a laka, ya taɓa gefensa da yatsa, ya ce daren jiya ta sha ruwa a nan. Da muka shiga kurmi kuma ya ɗaga hannu ya nuna mana rassan da birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, ya lanƙwasa ya yi shimfiɗa ya kwana a kai.

Da na koma aji na tambayi ɗalibaina, sai na tarar kusan kowa ya san sunan Yankari, amma Gashaka da ke jiharsu kaɗan ne suka taɓa jin labarinta, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa zuwa. Wannan ce damuwata, ranka ya daɗe. Masana suna tasowa daga Turai don nazarin biran dajin nan, alhali yaran da za su gaje shi ba su san da shi ba, kuma mutum ba ya kishin abin da bai sani ba.

Ga shi kuwa dajin yana bukatar masu kishi. Masu saran madobiya da masu haƙar zinariya da mafarauta sun sa shi gaba, kuma kogunan da ke gangarowa daga duwatsunsa Binuwai suke shayarwa, don haka idan kurmin ya ƙare manomi da masunci na nesa ma za su ji a jikinsu. Batun kiwo yana son a bi shi da hankali, domin akwai rugage da ƙauyuka a cikin gandun da suka riga dokar kafa shi zama a wurin, kuma a ganina zama da ardo-ardo da dagatai zai fi kora amfani.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta haɗa hannu da gwamnatocin Taraba da Adamawa a tsara ziyarar ɗalibai duk shekara tsakanin Disamba da Maris, lokacin da ruwa ya ja baya hanya ta buɗe, a sassauta musu kuɗin shiga da na masauki, sannan a riƙa ba da labarin gandun a rediyo da Hausa da Fulatanci. Ina kuma roƙon a dubi dogarawan daji da idon rahama wajen kayan aiki da haƙƙoƙinsu, domin suna kwana cikin ruwan sama da sanyi, wani lokaci su yi arba da masu ɗauke da bindiga. Idan aka buɗe wannan ƙofa, ɗalibaina a shirye suke su kasance cikin motar farko da za ta tashi zuwa Serti.

Allah ya yi maka jagora.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta, Jalingo