A Bar Mana Mutum A Bakin Kanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan ƙirƙirarriyar basira, wadda tun fitowar manhajar hira ta ChatGPT a ƙarshen 2022 kamfanoni ke rububin ajiye ta a bakin ƙofa don tarbar abokan ciniki.

Makon jiya na tura wa wani mai hatsi a Tudun Wada kuɗi. An cire, ba su isa wurinsa ba. Na tuntuɓi bankina, sai na'ura ta amsa. Na rubuta da Hausa, ta ruɗe. Na koma Turanci, ta yi ta ba ni haƙuri iri ɗaya, ga magariba ta kawo jiki, mai hatsi kuma ya fara yi mini kallon mayaudari. Washegari wata ma'aikaciya ta warware matsalar nan take, domin ita tana da ikon yanke hukunci.

Manhajar nan ba tunani take yi ba. Hasashen kalmar da za ta biyo baya take yi daga rubuce-rubucen da aka ɗura mata, na Hausa kuwa kaɗan ne a ciki. Shi ya sa takan shara ƙarya ko gezau. A 2024 wata kotu a Kanada ta sa kamfanin jiragen sama na Air Canada biyan diyya saboda manhajarsa ta faɗa wa fasinja rangwamen da bai yi daidai da ƙa'idar kamfanin ba.

Manhaja ta faɗi farashi ko lokacin buɗe shago, madalla. Amma ɗan kasuwar Sabon Gari da ido yake gane wanda zai ba bashi. Don Allah bankuna da kamfanonin waya su bar mana lambar da mutum zai ɗauka.

Naka,
Mai karatu daga Samaru, Zariya